Ire-iren Littattafan Alhaji Abubakar Imam da Amfaninsu ga Malamin Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka ambaci sunan Alhaji Abubakar Imam a gaban ɗaliban Hausa, abin da ke fara faɗo musu a rai shi ne Magana Jari Ce, sai kuma Ruwan Bagaja. Da wuya a sami wanda zai kawo na uku. Wannan ya sa ɗalibai da dama suka ɗauka cewa iyakar abin da marubucin ya bari shi ne labaran aku da aljannu da sarakunan ƙasashen da babu su a taswira. Alhali kuwa ya yi rubutu a kan tafiye-tafiye, ya yi a kan ilmin halittu, ya yi a kan tarihin Musulunci, ga kuma aikin jarida da ya shafe shekara goma sha biyu yana yi.

Sanin wannan yana da muhimmanci ga mai shirin zama malami. Yaron da ke makarantar firamare ko ƙaramar sakandare a Ƙaraye ko Rogo, idan bai taɓa haɗuwa da Hausa a rubuce ba sai a darasin tatsuniya, sannan duk wani ilmin kimiyya da labarin ƙasa da Ingilishi yake zuwar masa, to zai tashi da tunanin cewa harshensa na hira ne kawai. Littattafan Imam hujja ce da malami zai riƙe don kawar da wannan tunani. Saboda haka wannan babi zai yi bayanin rukunonin littattafan, da abin da ya haɗa su, da kuma yadda malami zai amfana da su a cikin aji.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Marubucin

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara, wanda ke cikin Jihar Neja a yau, a shekarar 1911. Gidansu gidan malanta ne da alƙalanci, don haka ya fara da karatun allo da na littattafan addini kafin ya shiga makarantar boko. Ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina daga 1927 zuwa 1932, daga nan ya fara koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Wato kafin ya zama marubuci ko ɗan jarida, malamin makaranta ne, kuma wannan horo bai rabu da alƙalaminsa ba har ƙarshen rayuwarsa.

A wancan zamani gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Hukumar Fassara a 1929 domin samar da littattafan karatu ga makarantu. A 1933 aka mayar da ita Hukumar Talifi, aka kuma shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a ƙarƙashin jagorancin Dokta Rupert East. Littattafai biyar ne suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East. Yana da kyau malamin da ke koyarwa a yammacin Kano ya nuna wa ɗalibansa cewa sunan Gwarzo, maƙwabciyar Ƙaraye, yana cikin jerin sunayen da aka buɗe tarihin ƙagaggen labarin Hausa da su.

Hazaƙar da Imam ya nuna a gasar ita ta sa aka nemo shi zuwa Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce. Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, shi aka ba aikin editanta na Hausa, ya riƙe har zuwa 1951. Bayan haka ya taɓa siyasa, ya kuma yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa. Ya rasu a shekarar 1981. An buga tarihin rayuwarsa da Ingilishi a 1989, wanda Abdurrahman Mora ya tace.

3.0 Rukunonin Littattafansa

Ana iya kasa ayyukan Imam gida huɗu, gwargwadon abin da kowanne ya ƙunsa:

(a) ƙagaggun labarai na ban al'ajabi;
(b) labaran tafiye-tafiye;
(c) littattafan ilmantarwa, na zamani da na addini;
(d) aikin jarida, wanda ya haɗa rubutu da hoto.

3.1 Ƙagaggun Labarai na Ban Al'ajabi

Labarin ban al'ajabi shi ne wanda marubuci ke shigo da abubuwan da hankali ba ya ɗauka a rayuwar yau da kullum, kamar tsuntsu mai magana, ko aljannu masu ɗaukar mutum su kai shi wata duniya. Bahaushe ya saba da irin wannan tun a tatsuniya, shi ya sa bai yi baƙunta ba da ya same shi a rubuce.

Ruwan Bagaja, wanda aka buga a 1934, labari ne na Alhaji Imam, wanda ya bar gida don nemo wani ruwa mai warkar da cuta, saboda ya wanke limamin da ya rene shi daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. A kan hanya yake ta karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya yi wa wancan wayo, gobe wancan ya rama. Abin lura a nan shi ne, an gina littafin ne a kan tafiya. Daga gari zuwa gari labarin ke ci gaba, kuma kowane zango yana da darasinsa. Wannan ya nuna cewa tun a littafinsa na farko, ƙirƙira da tafiya da koyarwa a haɗe suke a wurin marubucin.

Magana Jari Ce kuwa littattafai uku ne da suka fito a ƙarshen shekarun 1930. Zubinsu shi ne labari cikin labari. A na ɗaya, aku yana ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman labarai dare bayan dare, don ya hana shi fita daga gida ya faɗa tarkon mugun waziri. A na biyu, gasar ba da labari ake yi tsakanin akun da wani aku mai suna Haziƙ. A na uku, akun ya zama malami yana horar da ɗansa Fasih dabarun magana da zama da mutane. Idan aka dubi wannan tsari da idon malanta, za a ga matakai uku ne: magana a matsayin kariya, magana a matsayin gwaninta, sannan magana a matsayin abin da ake koya wa na baya. Littafi na uku ma kusan darasi ne a kan koyarwa, domin a ciki ana ganin malami yana ba da misali, yana sa ɗalibi ya gwada, yana kuma gyara masa.

Masana sun tabbatar da cewa Imam ya samo tushen labarai da yawa daga wasu al'ummu, kamar Dare Dubu da Ɗaya na Larabawa, da tatsuniyoyin Jamusawa da 'yan'uwan nan biyu masu suna Grimm suka tattara, da labaran aku na ƙasashen Indiya da Farisa. Labarin Kalala da Kalalatu, alal misali, yana da takwara a tatsuniyoyin Jamus. Amma wanda ya karanta shi ba ya jin ƙanshin baƙunta, domin an sauya sunaye da abinci da gidaje da yanayin zaman miji da mata, an mayar da su na Hausawa. Wannan aiki shi manazarta ke kira baddalawa, kuma ya bambanta da fassara, saboda mai fassara yana bin sawun asali ne, shi kuwa mai baddalawa sabuwar riga yake ɗinka wa labarin daidai jikin masu karatunsa.

3.2 Labaran Tafiye-tafiye

A shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka gayyaci wasu editocin jaridu na Afirka ta Yamma su ziyarci Ingila. Imam yana cikin tawagar, tare da Dokta Nnamdi Azikiwe. A wannan tafiya ya gana da Lugga, tsohon gwamnan Nijeriya, ya bayyana masa matsalolin da ke damun Arewa. A nan ne kuma ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya shirya, saboda yana ganin Arewa ba ta kai ga shirin haka ba a lokacin. Da ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya fito a 1944. Daga baya ya rubuta Haji Mabuɗin Ilmi a kan tafiya aikin hajji.

Labarin tafiya ya sha bamban da ƙagaggen labari ta fuskoki uku. Na farko, wurare da mutanen da ke cikinsa na gaskiya ne. Na biyu, jerin lokaci da zango shi ke tsara shi, daga tashi zuwa komowa. Na uku, marubucin shaida ne, abin da idonsa ya gani yake faɗi, don haka amana ce a wuyansa.

Babbar matsalar mai rubuta irin wannan littafi ta harshe ce. Yaya za a yi wa mutumin da bai taɓa wuce kasuwar garinsu ba bayanin teku, ko masana'anta, ko majalisar dokoki? Hausa tana da hanyoyi uku na fuskantar baƙon abu. Akwai aro, inda ake ɗauko kalmar a daidaita ta da tsarin sautin Hausa, kamar asibiti da mota da tebur. Akwai ƙirƙira, inda ake haɗa kalmomin gida su ba da sabuwar ma'ana, kamar jirgin ƙasa da jirgin sama da gidan waya. Akwai kuma kwatance, inda ake jingina abin da ba a sani ba da wanda aka sani, a ce abu kaza ya yi tsawon rimi, ko ya yi faɗin filin idi. Labarin tafiya fage ne mai kyau na nuna wa ɗalibai waɗannan hanyoyi suna aiki, domin kusan kowane shafi yana ɗauke da abin da marubuci ya tsaya ya nemo masa suna.

3.3 Littattafan Ilmantarwa

Wannan rukuni shi ne aka fi mantawa da shi, alhali shi ya fi kusa da aikin malami. A ciki akwai Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, da kuma Ikon Allah, wanda Imam da East suka rubuta tare a kan halittu iri-iri da ke cikin duniya. A ɓangaren addini akwai Tarihin Annabi Kammalalle da Sayyadina Abubakar.

Sunan Ikon Allah kansa abin tsayawa ne a duba. A lokacin da aka rubuta shi, iyaye da yawa a ƙasar Hausa suna ɗari-ɗari da makarantar boko, suna tsoron kada ta raba 'ya'yansu da addini. Da aka gabatar da ilmin dabbobi da tsirrai a matsayin duban ikon Mahalicci, sai aka buɗe wa ilmin ƙofar da mai karatu ya yarda da ita. Wannan ita ce ƙa'idar da ake koya wa kowane ɗalibin ilmi, wato a fara daga abin da yaro ya sani kuma ya amince da shi, sannan a kai shi ga wanda bai sani ba.

Littattafan tarihin addini kuma sun cike wani giɓi. Kafin su, wanda ke son sanin tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya zauna gaban malami ana fassara masa daga Larabci, ko ya saurari waƙoƙin ajami. Samuwarsu cikin zube da rubutun boko ta ba wanda ya yi yaƙi da jahilci kawai damar karantawa da kansa a ɗakinsa.

3.4 Jarida, Zane da Hoto

Aikin jarida shi ya horar da Imam rubuta bayani a taƙaice ga jama'a masu bambancin ilmi. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito ne a daidai lokacin da yaƙi ke ƙaratowa, mutane na ƙishirwar sanin abin da ke faruwa, jita-jita kuma ta yi yawa. A garuruwa da ƙauyuka akan sami mutum ɗaya mai karatu ya karanta wa taro a bakin kasuwa ko ƙofar fada. Saboda haka dole jimlolin su zama masu daɗin ji a kunne, waɗanda ba sa buƙatar a koma baya kafin a fahimta. Jaridar ta kuma taimaka wajen zaunar da ƙa'idojin rubutun Hausa da yaɗa haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, tun kafin a kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955.

A cikin irin waɗannan ayyuka hoto abokin tafiyar rubutu ne. Magana Jari Ce yana ɗauke da zane-zanen hannu da ke nuna wasu fitattun wurare na labaran, jarida kuma tana buga hotunan da aka ɗauka da kyamara. Aikinsu ya bambanta. Zane yana taimaka wa mai karatu ya sawwala abin da babu shi, kamar aku yana zantawa da ɗan sarki. Hoton kyamara kuwa shaida ne cewa abin da aka faɗa ya auku. Ke nan zane ya fi dacewa da ƙagaggen labari, hoto kuma da labarin tafiya da na jarida. Ga wanda bai iya karatu ba, hoton shi ne ƙofarsa ta farko, daga kallo yake kai wa ga tambayar abin da aka rubuta a ƙarƙashi.

4.0 Abin da Ya Haɗa Littattafan

Duk da bambancin fannoninsu, akwai abubuwa uku da ke ratsa ayyukan Imam.

Na farko, manufa. Ko yana ba da labarin aljannu, ko na birnin Landan, ko na rayuwar wata dabba, burinsa mai karatu ya tashi da abin da bai sani ba a da. Ban dariya da ban mamaki zuma ce da ake shafa wa magani.

Na biyu, dogaro da adabin baka. Dubi sunayen da kansu: Magana Jari Ce, Tafiya Mabuɗin Ilmi, Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, har da Gaskiya Ta Fi Kwabo. Dukkansu siffar karin magana gare su, kuma uku na farko suna magana ne a kan ilmi ko hanyar samunsa. Mai karatu tun daga bango yake jin cewa da harshen gidansu ake yi masa magana.

Na uku, sauƙin harshe. Imam yana gina jimlolinsa a kan jerin aikatau, aiki na bin aiki, da mahaɗai irin su sai da da da har, kamar yadda mai ba da labari da baka ke yi. Wannan salo ne ya sa ake iya karanta shi da ƙarfi a aji ba tare da numfashin mai karatu ya sarƙe ba.

5.0 Yadda Malami Zai Yi Amfani da Su a Aji

Ɗalibin da aka tura gwajin koyarwa a makarantun Ƙaraye ko Rogo zai iya tarar da ƙarancin littattafai, wani lokaci kwafi ɗaya ne a hannun malami. Wannan ba ya hana aiki, domin abin da ake so shi ne yara su ga nau'o'in rubutu, sannan su gwada da kansu. Ga wasu hanyoyi:

(i) Labarin tafiya. Malami ya karanta wa aji wani yanki na Tafiya Mabuɗin Ilmi, ya ja hankalinsu ga yadda aka jera zango-zango. Daga nan ya sa kowa ya rubuta tafiyar da ya taɓa yi, ko daga Rogo zuwa Zariya, ko daga Ƙaraye zuwa birnin Kano, ko ma zuwa kasuwar ƙauyen da ke kusa. Sharaɗin shi ne kada a rubuta sai abin da ido ya gani.

(ii) Bayanin ilmi. A bisa tafarkin Ikon Allah, a sa yara su bayyana abu ɗaya da suka sani a muhallinsu, mataki-mataki. Yaran Ƙaraye suna da madatsar ruwa ta Challawa a kusa da su, za su iya bayanin kamun kifi ko noman rani. Waɗanda ke yankin da ake noman rake za su iya bayanin yadda ake matse shi a dafa har ya zama mazarƙwaila. A nan malami zai tattara kalmomin sana'a da yaran suka kawo daga gida, ya rubuta su a allo, ya nuna musu cewa waɗannan ma keɓaɓɓun kalmomi ne na ilmi.

(iii) Baddalawa. Malami ya ba da gajeren labari na wata al'umma, ya sa yara su mayar da shi na garinsu, su sauya sunaye da abinci da sana'o'i. Bayan haka a karanta Kalala da Kalalatu a ga yadda gwani ya yi nasa.

(iv) Hoto da rubutu. Malami ya kawo hoto ɗaya, ko na jarida ko wanda ya ɗauka da wayar hannu, kamar na ranar kasuwa ko hawan salla. Rabin aji su rubuta abin da ke cikin hoton kawai, rabi kuma su ƙaga labari a kansa. Idan aka karanta biyun a jere, yara za su gane bambancin rahoto da ƙirƙira ba tare da doguwar ma'ana ba.

Akwai abin kiyayewa guda biyu. Wasu kalmomi da al'amuran da ke cikin littattafan na zamanin mulkin mallaka ne, kamar kwabo da sule da En'e, don haka sai malami ya shirya bayaninsu kafin ya shiga aji. Haka kuma ilmin kimiyya ya ci gaba ƙwarai tun bayan rubuta Ikon Allah, saboda haka salon bayaninsa za a ɗauka, a kuma gwada bayanan da littattafan kimiyya na yanzu.

6.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa Abubakar Imam ya yi rubutu a fannoni huɗu, wato ƙagaggen labari, da labarin tafiya, da littattafan ilmantarwa, da aikin jarida. An kuma ga cewa manufar koyarwa, da dogaro da adabin baka, da sauƙin harshe su ne suka ɗaure su wuri guda. Malamin da ya tsaya ga Magana Jari Ce kaɗai ya nuna wa ɗalibansa kusurwa ɗaya ce ta aikin marubucin. Wanda ya haɗa da sauran kuwa zai iya tabbatar musu cewa tun a shekarun 1930 da 1940 aka rubuta labarin ƙasashen waje da ilmin halittu da Hausa, kuma su ma za su iya rubuta na garinsu da na zamaninsu.

7.0 Tambayoyin Bita

1. Kawo rukunoni huɗu na ayyukan Abubakar Imam tare da misali ɗaya na kowanne.
2. Bambanta tsakanin fassara da baddalawa, ka kafa hujja da labari ɗaya daga Magana Jari Ce.
3. Waɗanne hanyoyi uku Hausa ke bi wajen sanya wa baƙon abu suna? Kawo misalai biyu-biyu waɗanda ba a ambata a babin ba.
4. Yi bayanin bambancin aikin zane da na hoton kyamara a cikin littafi.
5. Tsara darasi na minti 40 ga aji ɗaya na ƙaramar sakandare a kan rubuta labarin tafiya, ka nuna manufa da kayan aiki da matakan gabatarwa da auna fahimta.